Wayar Ce Ta Bugu

Hamna ta daɗe tana koya wa mutane cewa idan mutum ya kasa amfani da abin da aka ƙera masa, laifin wanda ya ƙera ne. Ta faɗa a tarurrukan bita, ta faɗa wa ɗaliban da ke zuwa ofishinsu koyon tsara manhajar waya, har Solomon, abokin aikinta ɗan Wukari da ke rubuta manhajar bayan ita ta zana, ya haddace maganar yana ƙarasa mata tun ba ta kai tsakiya ba. Magana ce mai daɗin faɗi a ƙarƙashin fanka ana tafa maka. Da abin ya zo kan mahaifiyarta kuwa, sai ga Hamna tsaye a tsakar gidansu na unguwar Kachalla Sembe a Jalingo, ranta a ɓace, tana ji kamar ta kwaɗa wayar da bango kowa ya huta.

Abin ya samo asali ne daga faɗuwar da Hajja, mahaifiyar tata, ta yi a farkon damina. Hajja na da hawan jini, kuma tana cikin mutanen nan da ke shan magani ranar da suka ga dama. Ta fito ba awaki dusa, jiri ya kwashe ta, ta zube a gindin turke. Maƙwabta duk suna gona. Wayarta na ɗaure a bakin zaninta kamar kullum, sai dai Hajja ba ta yi boko ba, idonta ma ya yi rauni, iyakar abin da ta iya shi ne ta danna koren maɓalli ya kira wanda aka yi magana da shi a ƙarshe. Wanda aka yi magana da shi a ƙarshe kuwa Suhail ne, ƙanin Hamna, yana Abuja cikin taro, wayarsa a aljihu. Sai da ya fito ya ga kiran, ya bi, ya ji muryar uwarsa can ƙasa-ƙasa, sannan ya kira Hamna. Ita da ke nan unguwar Sarkin Dawaki, wadda in ta hau keke-napep za ta isa kafin shayi ya huce, sai daga Abuja ta ji cewa uwarta na kwance a ƙasa.

Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce wannan karon an yi sa'a, amma in abin ya dawo, saurin kawo ta ne kawai zai raba tsakanin ta tashi da ƙafafunta da ta shanye ɓarin jiki. Hamna ta ce to Hajja ta dawo gidanta da zama. Hajja ta dube ta kamar an ce ta yi rawa a tsakiyar kasuwa, ta ce ita ba ta kwana a gidan suruki. Aka ce a ɗauko wata daga dangi a Lau ta zauna da ita, ta ce ba ta tsufa har haka ba, kuma ba ta son mai sa mata ido. Umar, autansu, yana karatu a Maiduguri. Abin da ya rage shi ne waya, waya kuwa sana'ar Hamna ce, don haka ta ce wa 'yan'uwanta su bar mata.

Ta zauna ta tsara abin da take alfahari da shi. Ba rubutu, ba jerin sunaye, ba shiga nan ka fita can. Fuskar wayar gaba ɗaya maɓalli ɗaya ne kore, girmansa ya kai tafin hannun jariri. Ka danna, ka faɗi sunan wanda kake so, waya ta kira shi. Solomon ya yi ta yadda manhajar ba ruwanta da yare, muryar mutum take koya, ko da Hausa ka yi, ko Fillanci, ko Mumuye. Suka gwada da tsofaffin unguwa, suka gwada da masu sayar da kifi da suka zo daga Lau, kowa ya iya a zama ɗaya. Wata tsohuwa har kuka ta yi don a karon farko ta kira ɗanta ba tare da ta roƙi wani ya duba mata lamba ba. Hamna ta koma gida ranar kanta ya yi girma.

Ta sayi sabuwar waya ta kai wa Hajja. Suka zauna a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ta nuna mata yadda za ta faɗi kowane suna wayar ta riƙe. Hajja ta ce Suhail, wayar ta riƙe. Ta ce Umar. Ta ce Goggo Adama ta Lau. Abin ya fara yi mata daɗi, har ta sa aka saka mata mahauci da mai kawo dusa, tana dariya tana cewa wannan aba ta fi 'ya'yan zamani jin magana.

"Saura ni, Hajja," in ji Hamna.

Hajja ta ajiye wayar a kan tabarma, ta ce tana jin kamar akuyar nan ta kwance igiya. Ta tashi ta tafi wajen turke. Akuya na nan ɗaure tana tuƙa, ko motsi ba ta yi ba.

To, a nan ne fa mutum zai riƙe baki. Hamna 'yar fari ce. Hajja kuwa Bafulatana ce ta asali, daga rugagen wajen Lau aka auro ta, kuma a wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna tana nemansa. Tun da aka haifi Hamna ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. In Hajja na magana da su Suhail sai ta ce “Addarku”, wato yayarku. In da baƙi take sai ta ce “ta Sarkin Dawaki”. In ita Hamnar take wa magana sai ta dubi gefe ta ce a ɗauko kaza, a rufe ƙofa, kamar da iska take. Hamna ta san wannan kamar yadda ta san hanyar gidansu. Duk da haka ta zauna a ofis ta rubuta da hannunta cewa mai amfani zai faɗi sunan wanda yake son kira, ta karanta, ta ga ya yi kyau.

Ba ta karaya ba a ranar. Ta ce ai gyaran ba wuya, manhajar ba ta damu da ainihin suna ba, kowace kalma Hajja ta zaɓa za a ɗaura mata lambar. Ta ce wa Hajja ta ce “Addarku”. Hajja ta tambaya ko ita wayar ƙanwar 'yar tata ce. Ta ce to ta ce “Sarkin Dawaki”. Hajja ta ce ba ta da wata hulɗa da shi. Ta ce ta zaɓi komai, ko tukunya ce, ko tsintsiya. Hajja ta ce sai ta zauna ita kaɗai a gida tana kiran tsintsiya maƙwabta su ce ta zautu? Ta rufe zancen da cewa in tana da saƙo za ta gaya wa Suhail, ai yana isarwa.

Hamna ta koma ofis tana huci. Ta ce wa Solomon a bar murya yadda take, a ƙara hotuna. Manyan hotuna, fuska ɗaya ta cika rabin waya, ko mai raunin ido zai gane. Suka yi. Hajja ta danna fuskar Suhail, ta danna ta Umar, ta yaba yadda Umar ya yi ƙiba. Da aka zo kan hoton Hamna sai ta kife wayar ta ɗora faifai a kai. Ta ce mata na shigowa gidan nan, kowa na ɗaukar wayar nan ya duba, a ga ta liƙa wannan a gaba kamar wadda ba ta san semteende ba, wato kunyar nan da Fulani ke ji da ita. Hamna ta cire hoton ta sa na ƙwarya a gurbinsa. Hajja ta ce wanda ya danna ƙwaryar ai zai ji wa ya ɗauka.

Solomon ya kawo tasa dabarar, ya ce a sa wayar ta riƙa ganewa da kanta in mutum ya faɗi, ta kira ba sai an taɓa ta ba. Suka gwada. A mako guda wayar ta kira Hamna don ta zamo daga kan gado, ta kira don Hajja ta jefa zani a kan igiya da wayar a ɗaure, ta kira don ɗan akuya ya ture kujera. Kowane karo Hamna ta bar aiki ta tari keke, ta tarar da Hajja na tankaɗe. A karo na ƙarshe Hajja ta ce a cire mata wannan munafukar mai kai rahoto ko ta jefa ta rijiya. Ga shi kuma likita ya ce ba dole ne ma ta faɗi ba, abin na iya zuwa tana zaune.

Ranar ce Hamna ta tsaya a tsakar gida da wayar a hannu, haƙurinta ya ƙare. Ta ce ta bar aikin mutane ta ɓata watanni a kan abu ɗaya, tsofaffin gari duk sun iya, wadda aka yi dominta ce kaɗai ta ƙi.

"Hajja, kunya ce za ta ɗauke ki ta kai ki asibiti?"

Hajja ba ta ɗago daga tankaɗen ba. "Haka na tarar. Haka uwata ta yi mini, ban mutu ba."

"Ai saura kaɗan."

Rariyar ta tsaya. Hajja ta karkaɗe hannunta, ta shiga ɗaki ta saki labule. Hamna ta so ta bi ta, ta fasa. Ta ji kunyar abin da ta faɗa, ta kuma ji haushin cewa gaskiya ta faɗa, su biyun suka cakuɗe mata a ƙirji har ta isa bakin titi.

Kwanaki ta yi tana zuwa ofis ba ta taɓuka komai. Duk wanda ya yi mata magana sai ya sha. Wata safiya Solomon na share tsofaffin abubuwa daga manhajar, ya juyo ya tambaye ta wani abu da ya daɗe yana ba shi mamaki. Ya ce manhajar ba ta buƙatar ajiye ainihin muryar mutum bayan ta koya, amma tun farko Hamna ta dage a ajiye, har a sa wurin da za a iya sake saurare.

"Wannan wurin, na mene ne? Ba wanda yana amfani da shi."

Hamna ta buɗe baki za ta ba shi dalili irin na aiki, ta nema ta rasa. Ta san dalilin, kuma ba na aiki ba ne. Can cikin ranta ta yi zaton in aka bar Hajja ita kaɗai da waya, ba ido ba kunne, za ta faɗi sunan, ita kuma ta samu ta ji ko sau ɗaya ne. Ashe tun daga tushe abin da ta gina rabinsa don Hajja ne, rabinsa don kanta. Ta ce masa ya bar shi tukuna, ta tashi ta fita baranda, haushin kanta ya fi na kowa.

Da ta dawo Solomon ya mayar mata da wata maganarta da take gaya wa ɗalibai, cewa kada ka tambayi mutum me yake so, ka je ka zauna ka kalli abin da yake yi. Ya ce ta kalli tsofaffin gari duka, amma Mama nata kullum da waya a hannu take zuwa mata, tana koyarwa. Ba abin da ya fi ciwo kamar a yi maka wa'azi da bakinka. Ta harare shi, amma ranar Asabar ta bar kwamfuta a gida ta tafi Kachalla Sembe hannu rabbana.

Ta gaishe da Hajja, Hajja ta amsa kamar ba abin da ya faru, wanda ya fi faɗa zafi. Hamna ta samu gefen tabarma ta zauna. Ta yi wa kanta alƙawarin ba za ta ambaci waya ba. Zaman ya yi mata tsawo. Hajja ta share gindin turke, ta wanke ƙore ta kife, ta yi hira da wata maƙwabciya ta kan katanga a kan tsadar dusa. Hamna na kallo tana tambayar kanta me take nema a nan, gidan da ta girma a ciki, wanda ta san kowane lungunsa. Rana ta take, zafin Jalingo ya sauko, ta jingina da mangwaro tunaninta ya tafi wani wuri.

Hajja ta zauna dama fura. Ta murje ta cikin nono da bayan ludayi, ta ga ta yi kauri. Sai ta buga ludayin a bakin ƙwarya, ƙwas, ƙwas.

Hamna ta tsinci kanta a bakin randa, moɗa cike da ruwa a hannunta. Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta tsaya tana kallon moɗar. Ba wanda ya ce mata a kawo ruwa, ba wanda ya dube ta. Ta kai, Hajja ta karɓa ba tare da ta ɗago ba, ta tsiyaya ta ci gaba da damu.

Ta koma ta zauna jikinta a sanyaye, abubuwa suka riƙa dawo mata. Tana yarinya, in Hajja na son Suhail sai ta ƙwala masa kira har maƙwabta su ji. Ita kuwa bugu biyu ne: a ƙyauren ɗaki da asuba in lokacin makaranta ya yi, a murfin tukunya in ana son itace, da zoben azurfar da ke yatsanta a kan tire in baƙi sun zo ana son ta kawo tabarma. Su Suhail ba su taɓa tashi don wannan bugun ba, ba nasu ba ne. Ita kuma ba ta taɓa lissafa shi a matsayin kira ba, jikinta ne kawai ke amsawa. Wani zai ce ta yi murna. Ba ta yi ba. Takaici ne ya cika ta, na watannin da ta ɓata tana neman abin da ke ƙarƙashin hancinta, da wani abu kuma mai kama da kuka da ta haɗiye tare da furar da aka miƙo mata.

Ranar Litinin ta gaya wa Solomon abin da take so: in aka buga bayan wayar sau biyu, ta kira ta. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Bai yi sauƙi ba. Suka sa wayar a aljihu suka hau keke, ramukan hanya suka kira Hamna har ta gaji da kashewa. Suka ɗaure ta a zani aka yi daka da ita, ta kira. Sai da Hamna ta zauna tana buga masa a kan tebur yadda Hajja ke yi, na farko da ɗan nauyi, ɗan jinkiri, na biyu a hankali, tana maimaitawa har yatsanta ya yi zafi, sannan ya samu ya koya wa manhajar ta bambance wannan da girgizar hanya.

Suka kuma yi musu a kan abin da zai fito a fuskar wayar. Solomon ya ce ƙa'ida ce, kuma ita ta koya masa, dole na'ura ta gaya wa mutum abin da take yi, a rubuta ana kiran wance ko murya ta faɗa. Hamna ta ce ba suna, ba hoto, ba murya. Wayar ta ɗan yi rawa a hannu kawai, Hajja ta san ta ji, fuskar ta zauna baƙa, kuma kada kiran ya bar wata alama da mai ɗaukar waya zai gani. Ya ce wannan ai kamar ɓoye abu ne. Ta ce eh, shi ake so. Ya nuna mata gurbin nan da ke jiran a faɗi sunanta, da wurin sake sauraren murya, ya tambaya ko a bar su. Ta ce ya goge.

Saura koyarwa, kuma yanzu ta gane cewa in ta zauna ta ce Hajja ga yadda za ki kira ni, an koma gidan jiya. Ta kai wayar ta ajiye a kan tabarma, ta juya wajen awaki tana ƙorafi kamar da su take. Ta ce wayar nan ta samu wata matsala da suka rasa kanta, in wani abu ya bugi bayanta sau biyu sai ta kama kiran lambarta, sun yi sun yi ta ƙi gyaruwa, sai dai a yi haƙuri da ita haka. Ta buga a gwada, wayar da ke jakarta ta yi ƙara. Hajja ta taɓe baki ta ce kayan zamani ke nan, ba ƙarko. Ta ɗauka ta ɗaure a bakin zani.

Daga nan shiru. Mako ya wuce, wani ya bi. Saƙo na ci gaba da zagayowa ta Abuja: Suhail ya kira ya ce Hajja ta ce a kawo mata man zafi, Hajja ta ce an yi rasuwa a Lau. Kullum wayar Hamna na kan tebur a gabanta, ko banɗaki za ta da ita take shiga. Ta fara cewa a ranta wannan ma ya bi sahun sauran, ta yi wa uwarta ƙarya a banza. Ta ce wa Solomon in wani ɗalibi ya sake tambayarta laifin wa ne, za ta ce masa laifin kowa ne.

Wani hantsi tana tsakiyar duba aikin wasu, wayar ta yi ƙara. Ta ga lambar, ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Wayar nan taku ce ta bugu," in ji Hajja, muryarta garau. "Tunda ta riga ta kira, a taho wa awaki da kanwa."

Hamna ta ce to. Ta ajiye wayar, ta ɗaga kujerar, ta rasa ko dariya za ta yi ko tsaki. Daga ranar wayar ta shiga buguwa. Ta bugu don a ji ko an yi ruwa a Sarkin Dawaki. Ta bugu don a gaya wa Umar ya rage yawo, alhali Umar na nan a maɓallin kore, sunansa kawai za a faɗa. Kullum da maganar ake farawa, wayar ce ta bugu, kullum Hamna na cewa ai har yanzu suna neman gyaran. Wani lokaci abin na ba ta haushi, mace da girmanta da karatunta tana wasan ɓuya da uwarta. Amma ba ta taɓa barin kiran ya yi ƙara biyu ba.

Bayan an fara girbin masara, wata Laraba da rana, wayar ta yi ƙara. Hamna ta ɗauka tana shirin jin kanwa ko dusa. Ta ji numfashi. Can Hajja ta ce, "Ta... bugu," harshen ya yi nauyi, kalmar ta fito a karkace. Hamna ba ta tsaya tambaya ba. Ta bar jakarta da takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur, Solomon ya biyo ta da mukullin motarsa.

Sun tarar da Hajja zaune a ƙasa ta jingina da bangon madafa, hannun hagu ya saki, wayar a kife a cinyarta. Ba faɗuwa ta yi ba, zama ta yi. Maƙwabta duk suna gona.

A asibiti aka yi ta kai da kawo, aka yi allurai, aka ɗaura ruwa. Kafin la'asar bakin ya fara komawa daidai, yatsun hagu suka motsa. Likita ya ce sun zo a kan lokaci, ya maimaita. Da aka tambayi yadda aka yi aka sani da wuri haka, Hajja ta ce waya ce ta bugu.

Wata nas mai suna Judith, wadda ba ta daɗe da zuwa Jalingo daga kudu ba, ta zo duba ko maganar Hajja da tunaninta sun dawo. Ta tambaye ta ko ta san inda take, Hajja ta ce asibiti. Ta sa ta ɗaga hannu, ta ɗaga. Sai ta nuna Hamna da ke zaune a gefen gado.

"Mama, wannan wane ne? Faɗa mini sunanta."

Hajja ta dubi bango. Judith ta sake tambaya da ɗan ƙarfi, ta matso, fuskarta ta canja. Ta ce wa Hamna wannan ba alama mai kyau ba ce, in ta kasa sunan 'yarta dole a kira likita, a sake tambaya har sai ta faɗa.

Hamna ta dubi uwarta. Ta ga an matse ta a lungun da ba mafita, ga baƙuwa, ga marasa lafiya a gadajen gefe duk sun zuba kunne. In ta yi shiru kaɗan, in ta bar nas ta yi aikinta, za ta ji abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Ta so ta ji, ba ƙarya.

"Sista, ki tambaye ta sunan ƙannena," ta ce.

Judith ta tambaya. Hajja ta ce Suhail, ta ce Umar, ta ƙara da garin da kowannensu yake, har da cewa Umar ba ya jin magana. Judith ta dubi wannan ta dubi waccan, ba ta gane ba, amma ta ce to alhamdu lillahi kamar yadda ta ji ana faɗi, ta wuce gado na gaba.

Aka bar su biyu. Hajja ta lumshe ido, fuskarta na wajen bango. Hamna na zaune da takalmi ɗaya, gajiya ta sauko mata gaba ɗaya, tana jin haushi ba ta san na wa ba. Can hannun dama ya laluba ya sami ƙarfen gado, zoben azurfar ya taɓa shi sau biyu, na farko da ɗan nauyi, na biyu a hankali.

Hamna ta tashi ta gyara mata matashin kai.